Hoton Abba da Gurbin da ke Gefena

Jama'a, kafin ku yanke min hukunci a ƙasan rubutun nan, ku bari in faɗa muku inda maganar ta taso. Daga bokitin wanki ta taso.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana har yau da nake tsayawa a kantin magani cikin farar riga ina koya wa manyan mutane yadda ake shan ƙwaya. Sama da ni akwai Anti, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida da 'yan matanta biyu, sai Yaya da yake aiki a wani gari. Abba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Sai Umma. Sai kuma Gwaggo, yayar Abba (ita ma Yaya Umma take ce mata), wadda ba a gidanmu take zaune ba, amma ko labule za mu canza sai an nemi ra'ayinta.

Ranar Umma tana tsugune tana wanki, ta maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, Gwaggo tana yi mata bayanin yadda nake neman tsufa a gida. Ban san me ta ce ba, na dai ji Umma ta ɗaga kai ta ce, "Haba Yaya!" Sai tsulum! Anti ta rantse ta ji muryar Gwaggo ta ci gaba da fitowa daga ƙarƙashin kumfa.

Mun yi dariya har da riƙe ciki. Muka tsamo wayar, muka binne ta a cikin ɗanyar shinkafa, muka shanya ta a rana. Da na kai wa mai gyara, ya buɗe ta ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe gawa, ya ce, "Malama, wannan sai haƙuri."

A nan dariya ta ƙare. Duk hotunan Abba a cikin wayar nan suke, kuma ba a taɓa tura su ko'ina ba. Ashe kullum bayan ta idar da sallar asuba Umma tana buɗe su ta duba, ba wanda ya sani. Ta daina hira, ta daina kallon talabijin. Wata safiya ina ɗaura ɗankwali a gaban madubinta na ji ta ce, ba da ni ba, "Na fara manta yadda kunnensa yake."

Wallahi a ranar na rubuta a gurup ɗin dangi: duk mai hoton Abba ya turo.

Kun san dangi. Kafin azahar wayata ta fara zafi. An turo hoton sabuwar motar wani, hoton jariran da ban san na waye ba, hoton Gwaggo a zaune, Gwaggo a tsaye, Gwaggo tana kallon sama. Abba kuwa mutum ne da ya tsani kyamara. A wannan ƙeyarsa ce, a wancan tafin hannunsa ne ya kare fuska, a wani kuma takalminsa kawai yana ficewa daga hoton. Guda ɗaya tak aka samu na kirki, Kawu ƙanin Umma ne ya turo: ranar da Yaya ya gama jami'a, dukanmu a ƙofar gida, Abba a tsakiya yana dariya don an ɗauka bai shirya ba. Sai dai hoton ya yi dishi-dishi kamar an ɗauke shi ta cikin ruwa.

Umma ta daɗe tana kallonsa a wayata, sannan ta ce, "A wanko min shi a takarda, babba, na bango. Sauran ma duk a wanke a sa a albam. Na gama da abin da ba zan iya riƙewa a hannu ba."

Haka na san Mai Hoto.

Shagonsa a ƙarƙashin matattakalar wani bene yake, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da cajar waya. Ƙarami ne, idan mutum uku suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Bango cike da firam-firam, wasu da hotunan amaren da ba su dawo sun karɓa ba. Akwai firinta babba da take tari kafin ta fara aiki, da wuƙar yanka takarda, da fanka mai juyawa gefe ɗaya kawai, gefensa. Shi kansa dogo ne siriri, da gilashi, da tawada a babban yatsa, kuma yana magana a hankali kamar kalmomin na aro ne.

"Malama, wannan hoton da me aka ɗauke shi?"

"Da waya."

"An goge idonta kuwa tun da aka saye ta?"

Na so in ji haushi, sai na ga ya juyo min da fankar. Ya ce zai yi ƙoƙari, in bar masa lambata don ya riƙa turo min samfuri. Don aiki, jama'a. Ni ma don aiki na ba shi.

Kuskurena ɗaya, na faɗa a gurup cewa mai hoton ya iya gyara.

Saƙon murya na farko daga Gwaggo ne. "Auta, ki gaya wa yaron nan ya rage min wuyan nan, ranar mura nake yi shi ya sa ya kumbura. Kuma ya ƙara min awarwaro, na manta su a gida ne, nawa ne ba na aro ba." Kawu ya ce a canza masa hula, wannan ta koɗe. Matar Kawu ta ce a buɗe mata ido. Yaya ya ce a mayar masa da gashin gaban goshi tunda ranar tasa ce. Ni ina tura wa Mai Hoto ɗaya bayan ɗaya, ina haɗawa da ban haƙuri. Shi kuma yana amsawa:

"Awarwaron na zinari ko na azurfa?"

"Matar Kawu idonta a buɗe yake, Malama. Iyakarsa ke nan."

Ina tsaye a bayan kanta ina dariya ni kaɗai, har wani tsoho da ya zo sayen maganin tari ya tambaye ni ko lafiya.

Sai Anti ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa. A hoton, tsohon mijinta yana tsaye dab da ni, ya dafa kafaɗar Kawu yana washe baki.

"A cire shi," ta ce.

"Anti, ai..."

"Ba zan riƙa shan shayi kullum wannan mutumin yana min dariya daga bango ba."

Mai Hoto ya cire shi. Samfurin ya zo, na tura gurup, aka yi ta yabo, sai da Kawu ya kira ni a firgice. "Auta, hannun waye a kafaɗata?" An cire mutum an bar hannu, har da agogo. Mai Hoto ya ce ya bari ne ya ji ko agogon na gida ne.

Da hannun ya tafi, sai ga gurbi a gefena, fili fetal, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Kuma Gwaggo ta gani.

To bari in gabatar muku da Manaja. Ɗan ƙawar Gwaggo ne, yana kula da wani babban shagon tayil. Ba shi da laifi, tsakani da Allah. Yana da aiki, yana gaida manya, turarensa yana riga shi shiga gida ya kuma daɗe bai bi shi ba. Matsalar ita ce duk zuwan da ya yi wajena, idonsa a ƙasa yake. Da farko na ɗauka kunya ce, ashe tayil ɗin falonmu yake dubawa. Ya taɓa ƙwanƙwasa ɗaya da makullin mota ya ce min, "Kin ji? Akwai iska a ƙarƙashi." Wannan ita ce magana mafi daɗi da ya taɓa gaya min.

Gwaggo ta zo da kanta, cikin leshi ruwan hoda da mayafi mai duwatsu, ta zauna a kujerar Abba ta ajiye jaka a cinya.

"Wannan gurbin Allah ne ya buɗe shi," ta ce. "A sa Manaja."

"Gwaggo, lokacin ko saninsa ba mu yi ba."

"To yanzu ba mun san shi ba? So kike bayan biki a sake wani firam ɗin? A yi aiki ɗaya a huta."

Na kalli Umma. Umma ta kalli carbinta. Tun rasuwar Abba ba ta musu da Gwaggo, tana cewa ita kaɗai ta rage mai irin muryarsa.

Kafin yamma Manaja ya cika min waya da hotunansa. Kowanne yana jingine da mota, kuma kowanne motar daban. Ya rubuto: "A zaɓi wanda ya dace da martabar gidan."

Wannan saƙon ban iya tura shi ta waya ba, na ce gara in je da kaina. Kuma eh, na canza mayafi sau biyu, na sa doguwar rigata mai ruwan toka wadda Anti take cewa tana min kyau, na ɗan shafa jan baki. Kada wanda ya ce komai.

Mai Hoto ya saurare ni har na gama. Ya cire gilashi ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Ɗan'uwanku ne?"

"A'a. Wanda Gwaggo ta zaɓa ne."

"Ta zaɓa wa hoton?"

"Ta zaɓa min."

Firinta ta yi tari. Ya daɗe yana kallon allon kwamfuta, yana matsar da linzami ba tare da ya danna komai ba.

"Ke fa, Malama? Kin zaɓa?"

Ni da nake iya yi wa mutum bayanin maganin basir ba tare da na ƙifta ido ba, sai na ji kaina ina cewa, "Fankar nan taku ba ta juyawa ne?"

Bai ƙara tambaya ba. Washegari samfuri ya zo. A na farko Manaja ya fi ƙofar gidanmu tsawo. A na biyu bai wuce kafaɗata ba, kamar an aiko shi. A na uku an sa shi har da motar, ta rufe matar Kawu gaba ɗaya. Na rubuta masa, "Malam, wasa kake?" Ya amso, "Hasken hotonsa ne bai dace da naku ba. Duk inda na ajiye shi sai ya fito kamar baƙo." Na karanta wannan saƙon ya fi a ƙirga. Gwaggo kuwa ta ce na ukun ya yi, a dai ɗan matsar da matar Kawu.

Amma ainihin damuwar ba Manaja ba ce. Fuskar Abba ce. Mai Hoto ya bi da ita ta wata manhaja da take fito da hoto tar, ta fito sumul, ba tabo ba tamoji, kamar ta mai tallan sabulu. Kowa a gurup ya ce masha Allah. Na karɓo ta a takarda cikin ambulan, na kai wa Umma ina murna. Ta karɓa, ta matso da ita, ta nisanta, ta miƙo min.

"Kyakkyawa ne," ta ce. "Amma ba mijina ba ne."

Da na faɗa wa Mai Hoto, ya ce gaskiyarta, na'urar ba ta san shi ba, cike gurbi kawai take da abin da take zato. Ya ce sai dai wanda ya san fuskar ya zauna kusa da shi. Na ce ni zan zo. Da na rufe ido in tuno, sai na rasa ko tabon Abba a girar dama yake ko ta hagu. Na shiga banɗakin kanti na yi kukana na wanke fuska, na ce masa sai wani lokaci.

Aka sa ranar kawo firam. Gwaggo ta mayar da ita taro. Kawu da matarsa suka zo, Yaya yana kan waya a jingine da kwalbar lemo, Anti ta jera kofuna da biskit, Manaja ya iso cikin shadda fara ƙal mai sitaci, yana tafiya tana ƙara. Ni ina lungu ina addu'ar a ɗauke wuta.

Sai ga sallama. Mai Hoto da kansa, rungume da firam naɗe a takarda, ya sa riga mai guga, ya wanke tawadar yatsansa har wurin ya yi ja. Ya durƙusa ya gaida Umma.

"Sannu ɗana, ka iso?" in ji Umma.

Ɗana? Na kalli Anti, Anti ta kalle ni.

Gwaggo ta ce Manaja ne zai buɗe, don albarka. Ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya yage takardar.

Duk ido ya koma kan hoton.

Wuyan Gwaggo yana nan yadda Allah ya yi shi, hannunta ba awarwaro. Hular Kawu a koɗe. Goshin Yaya yana ƙyalli. Tsohon mijin Anti ya dawo da hannunsa da agogonsa da haƙoransa. Babu Manaja, babu mota. A tsakiya kuma ga Abba, Abbanmu, da tabonsa a girar hagu, da kunnensa ɗaya da ya ɗan fi ɗaya fitowa, da furfurar da ta fi yawa a gefe guda na gemu, yana dariyar nan tasa da ido ɗaya a runtse.

Ban san lokacin da na toshe baki ba. A waya na ji Yaya yana jan hanci yana cewa layin ne ba kyau.

"Kai yaro!" Gwaggo ta miƙe. "Ina aikin da aka sa ka? Ina wuyana? Ina Manaja?"

"Ni na hana," in ji Umma.

Ashe ranar da ta ce mana za ta je awon jini ta daɗe, shagon ta nufa, ta samo kwatancen a jikin ambulan ɗin samfuri. Ta zauna kan kujerar roba tun hantsi har la'asar tana cewa, nan ka ƙara, nan ka rage, a'a kunnen bai kai haka ba. Da suka gama ta ce ya mayar da kowa yadda yake.

"Ranar haka muke, Yaya," ta ce wa Gwaggo. "Da wuyanki, da hular wannan. Haka ya gan mu yake dariya."

"Umma, har da wancan?" Anti ta nuna da baki.

"Uban 'ya'yanki ne. Wata rana za su nemi ganinsa, ba sai sun roƙi kowa ba."

Anti ta ce to a rataye firam ɗin inda labule zai riƙa rufe mutumin idan iska ta kaɗa. Gwaggo ta buɗe baki za ta ci gaba, idonta ya faɗa kan fuskar ƙaninta. Ta matsa kusa. Ta kai yatsa kan tabon. "Ni na ji masa wannan," ta ce a hankali, "da murfin tukunya, muna yara." Ta koma ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska, aka bar ta.

Manaja, bawan Allah, ya tsaya riƙe da yagaggiyar takarda. Don ya samu abin faɗa sai ya ce bangon da za a kafa ƙusar yana da danshi.

Na ɗauka an gama. Ina! Da Gwaggo ta share hawaye ta sha lemo, ƙarfinta ya dawo. Ta ce tunda kowa yana nan, a ɗauki sabon hoto a ƙarƙashin firam ɗin, wannan karon da Manaja na gaske. Ta jawo shi ta dasa a gefena, turarensa ya shiga min har maƙogwaro. Mai Hoto ya karɓi wayata ya ja baya, fuskarsa ba ta nuna komai ba, ya ce, "A ɗan matso."

"Dakata," in ji Umma. "Manaja, wayarka ai ta fi ta kowa kyau a nan. Taimaka ka ɗauke mu da ita. Kai kuma ɗana, ka yini kana fama da fuskar mai gidan nan, zo ka tsaya."

"Ina zai tsaya?" in ji Gwaggo.

"Ga wuri nan Manaja ya bari."

Jama'a, ban ɗaga kai ba. Abin da na sani shi ne ƙamshin sabulu da ɗan warin tawada a gefena, da wani dogon mutum da ya ƙame kamar an ce kada ya yi numfashi. Manaja ya ɗaga waya, ya ce kowa ya yi murmushi, ya danna.

Bayan la'asar kowa ya watse. Manaja, wanda Gwaggo ta riga ta saka a gurup, ya turo hoton ba tare da ko kalma ɗaya ba. Kowa ya fito ras, har idon matar Kawu. Mai Hoto kaɗai aka yanke wa kai, daga wuya zuwa sama babu.

Ina cikin wanke kofuna wayata ta yi ƙara.

"Malama, Umma ta ce in wanko wannan ma. In cire sauran jikin ne, ko in nemo kan? Ke nake jira."

Na goge hannu a jikin riga. Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa. Yatsana yana kan turawa na ji ana jan wani abu mai nauyi a tsakar gida. Na leƙa ta taga, sai ga Gwaggo da ta tafi ɗazu ta dawo, direban tasi yana biye da ita da akwati biyu da filonta.

"Auta!" ta ƙwala min kira. "Zo ki kai min ɗakinki. Na ga gidan nan ya fara lalacewa, ba inda zan je sai na ga ƙarshen maganar nan. Kuma miƙo min wayar taki, tawa ba caji."